Abin da Nake Karanta wa Saif

Anbariyya, Madina

Ikram 'yata,

Assalamu alaikum. Yaya karatu, yaya mahaifiyarki da Hajiya? Ni lafiya lau, baya ne kawai ke ɗan damuna tunda na koma sauke katan-katan ɗin dabino ni kaɗai. Kada ki gaya musu.

Saif, ɗan Pakistan ɗin da muke aiki tare, ɓarin jikinsa ya shanye. Kullum bayan la'asar nakan je asibiti in karanta masa sakamakon gasar wasan kurket ta ƙasarsu. Ban san kan wasan ba, amma in ƙungiyarsa ta ci, sai ya matse hannuna.

Jiya na ba shi labarin abin da aka koya muku a makaranta, wai lambobin ƙirga ba su da iyaka, amma na tsakanin sifili da ɗaya sun fi su yawa. Da ƙyar ya ce, "Ni mudarris ne, malamin lissafi." Shekara shida muna tare ban sani ba. Ya so ya yi bayani, baki ya ƙi, sai hawaye.

Ki rubuto mini hujjar dalla-dalla in kai masa. Ki hanzarta, kafili, wato ubangidanmu a nan, na maganar mayar da shi gida.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Sabiru Jumare