An Wanke Sunan Nasiru

Ƙofar Kware, Sakkwato.

Dije, an wanke Nasiru! Khaula ta wanke ubanta!

Gafarta mini, murna ta sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki?

Kin tuna jana'izar ɗana Nasiru, yau shekara goma sha ɗaya. Da aka ji likita ya ce hantarsa ce ta taurare ta ƙanƙance, Alhaji Siddiƙu mai hatsi ya fita daga sahu, wai ba ya sallatar mashayi. Mutum bakwai suka bi shi, ban manta ko ɗaya ba. Yaron da ko lemun kwalba bai dame shi ba! Da sunan ɗiyar mashayi jikata Khaula ta girma.

To, jiya malaman jami'a suka amince da bincikenta. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. A hanjin kowa akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani, na kirki da miyagu. In miyagun suka rinjaya, dafinsu kan bi jini zuwa hanta, ya taimaka wajen lalata ta. Cikin majinyatan da ta bincika, da yawa ba su taɓa ɗanɗana giya ba. Ta ce ba za ta rantse kan abin da ya kashe ubanta ba, amma kafson nan ja da rawaya da yake saye a tiren masu tallar magani duk sanda cikinsa ya murɗa, irinsa na kashe ƙwayoyin kirki. Ni na koya masa shan sa, Dije. Wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Na Siddiƙu kuwa tsakanina da shi ne. Asabar bayan la'asar zan yi walima a ƙofar gida. Da hannuna na kai masa gayyata, kuma tabarmar gaba tasa ce. Shafin farko na kundin binciken Khaula ta rubuta shi da Hausa, sadaukarwa ga ubanta. Ni zan karanta a lasifika, da bokon ajin yamma da Siddiƙu ya sha yi mini dariya a kai. A hankali zan karanta, ina kallonsa. Sai ya ci tuwona, ya ɗaga hannu ya yi wa Nasiru addu'ar da ya hana shi.

Ki taho, ki kwaso duk mutanen unguwarku Minanata, har masu sanda. Ku zo ku ga idon Siddiƙu.

Yayanki,
Abdulhamid