Bakin da Auta Take Karantawa

Litinin, 3 ga Maris
Malamar Auta ta tsayar da ni a ƙofar aji. Tun zazzaɓin da ya tafi da jin yarinyar nan, da ido take sauraro, motsin leɓe take bi ta gane magana. Malama ta ce Auta tana gane kowa a makaranta, har mai gadi, ni ce kawai ba ta ganewa. Sai ta nuna mini zanen da Auta ta yi: ga ni da ɗankwalina, ga keken ɗinkina, amma a inda baki zai zauna, tafin hannu ne.

"Maman Auta, don Allah ki riƙa sauke hannun nan in kina mata magana." Na ce to. Hannuna a kan baki na faɗi hakan. Kunya kamar in nutse.

Talata, 4 ga Maris
Na tsaya gaban madubin shago kafin masu ɗinki su fara zuwa. Oh ni! Baƙin shayin da nake ɗirka safe da rana ya gama aikinsa, haƙora sun yi ja sun dafe kamar cikin tsohuwar buta. Ga kuma na gaban nan da ya yi duhu tun faɗuwar da na yi ina yarinya. Wannan zan buɗe wa mutane?

Alhamis, 6 ga Maris
Ƙanwata ta kawo mini man goge baki mai sa haske. "Yaya, ba siddabaru ba ne, dattin sama kawai yake kankarewa. Safe da dare, da buroshi mai laushi. Kuma kada ki dirje kamar kina wanke tukunya, na san halinki." Ja'ira.

Asabar, 8 ga Maris
Na dirje. Yau ruwan sanyi ya ratsa haƙorana har tsakar kai. Ba zan faɗa mata ba.

Asabar, 15 ga Maris
Na koma gogewa a hankali, kuma wallahi abin yana yi. Jan da ke tsakanin na ƙasa ya fara ɗagawa. Maigida ya ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki, wai, "Ke da wa kike dariya a ciki?"

Amma da yamma na ce wa Auta ta zo in taje mata kai. Ta tsaya tana kallon bayan hannuna, ta juya wurin babanta ya maimaita mata. Ni da na haife ta, sai an yi mana tafinta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Laraba, 26 ga Maris
Wanda ya haɗa man nan, Allah ya yi masa albarka. Kullum kamar ba ya komai, sai ka waiwaya ka ga inda aka baro. Haƙoran sun dawo kalarsu ta da, ba farin talla ba, nawa dai na ƙuruciya. Har na fara kurkure baki bayan shayi, ni da ban taɓa ba.

Sai dai na gaban yana nan daram. Yanzu ma da 'yan'uwansa suka yi haske ya fi fitowa. Ƙanwata ta ce mai kemis ya ce wannan daga ciki duhunsa yake, man ba ya kaiwa can, sai likitan haƙori. Ban ga laifin man ba, iya nasa ya yi, ya kuma yi da kyau. Hannu dai ya koma inda ya saba.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Ina kama bakin wata riga, hannu biyu duk a cikin yadi, na ce, "Auta, miƙo almakashi." Ban ma yi tunani ba. Sai ga almakashi.

Muka kalli juna. Ta zo ta danne hannuwana a kan cinyata, da ƙarfinta kuwa, ta ce da 'yar muryar nan tata, "Ƙara." Na ce zare. Ta kawo. Na ce allura, na ce maɓalli, na ce madubi. Sai da ta kusa kwashe shagon ta tara a gabana tana ƙyalƙyala dariya. Yarinyar nan akwai kai! Ko ɗaya ba ta kuskure ba. Da kayan suka ƙare na rasa abin faɗa, na ce mata ita ce farin cikina. Wannan ma ta gane.

Juma'a, 11 ga Afrilu
Ta dawo da sabon zane. Baki ta yi mini tun daga wannan kunne har wancan, haƙora reras farare, ɗaya a tsakiya ta cike shi da baƙin fensir. Ta ma ƙara masa girma, 'yar nema. Ai bai kai haka ba.

Na liƙa shi a bango saman keke, don dai nan ne kawai akwai fili. Wata mai karɓar ɗinki ta tambaya wace ce wannan. Na ce ni ce. Ina riƙe da rigarta da hannu biyu.