Littafin Baba, Inda Baki Ya Ci Yaya Uku

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Na san kan aure da gado da rigimar maƙwabta ake rubuto maka, ni kuwa matsalata haruffa ce. Kada ka yi mini dariya sai ka ji ƙarshenta.

Mahaifina tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Irin mutanen nan ne da in ka tura musu saƙo sai sun gyara maka rubutu kafin su amsa gaisuwar. Muna yara, ko takardar aike ya ba mu zuwa kanti, za ka ga kowane ƙ da ɗ da ƙugiyarsa tsaf. Bayan aikin nan abu ɗaya ya sani a duniya, dara, irin ta allo mai gidaje baƙi da fari. Tun da ya yi ritaya ya ɗaura niyyar rubuta littafi a kanta, yadda ake buɗe wasa, yadda ake ɗana tarko, yadda ake kai ɗa ƙarshen allo ya zama sarki. Mama tana raye ya fara, ta rasu bai gama ba. Ni na buga masa a kwamfuta. Da baki yake faɗa mini, yana motsa 'ya'yan a allo, yana leƙowa ta kafaɗata ya ga ko na manta ƙugiya.

Muna gamawa yanar ido ta rufe masa gani. Likita ya ce ba za a yi aiki ba sai sukarinsa ya sauka, sukarin kuwa ya ƙi. Yanzu haske da inuwa kawai yake gani. 'Ya'yan dara yana gane su da hannu, don ya sa kafinta ya yi wa baƙaƙen tsaga a ka, amma rubutu babu.

Yayana ne ya kai aikin maɗaba'a. Ranar da aka kawo kwalayen, Baba ya zaro ɗaya ya shinshina, ya shafa bangon, ya rungume shi a ƙirji. Ni kuwa na buɗe nawa na fara dubawa. Malam, babu ƙugiya ko ɗaya a littafin nan, daga bango zuwa bango. Ɗan waƙafin da ake ɗorawa a saman 'ya'ya ma babu. Inda Baba ya ce baƙi ya ci 'ya'ya uku, an rubuta "baki ya ci yaya uku". Inda ya ce ka ɗauki ɗa da hannun dama, an rubuta "ka dauki da da hannun dama", kamar mai in'ina. A shafin sadaukarwa ya ce ga uwar 'ya'yansa wadda ƙaunarta ba ta ƙare ba, ya fito "ba ta kare ba". Wannan kam na shiga ɗaki na yi kuka.

Na je wurin mai maɗaba'ar. Ya ce kwamfutarsu ba ta san haruffan nan ba, ta mayar da su ƙananan akwatuna, sai ma'aikacinsa ya ga akwatuna sun ɓata shafi ya bi ya share su ya sa haruffa marasa ƙugiya. Waƙafin sama kuma ya ɗauka datti ne. Jerin lambobin gidaje ma ya wargaje a wasu shafukan, suka sake bugawa da hannu. Ya ce ai an nuna wa Yaya samfuri ya ce a buga. Yaya ya ce shi bango ya duba, ya ga hoton Baba ya fito da kyau. Na nemi asalin rubutuna, ashe sun adana nasu a kansa. Kwamfutata kuwa ta mutu tun bara. Ka ga babu kwafi mai kyau ko ɗaya a duniya sai wanda ke cikin kan Baba.

Yaya ya tara mu ya ce kada wanda ya gaya masa, wai hawan jininsa zai tashi, wai kuma wa ke karanta littafi yanzu. Sauran 'yan'uwana har sun mayar da abin wasa, in Yaya ya shigo sai su ce a rufe baki ga abinci ya iso. Kowa yana dariya ƙasa-ƙasa, Baba yana tambayar me ake wa dariya, a ce masa ba komai.

Ni ce nake shan wahalar. Kullum da yamma sai ya ce, Auta, ɗauko littafin. Ya jera allonsa a kan ƙaramin teburin falo, ina karantawa yana bin wasan da hannu. Ina karantawa ina mayar da ƙugiyoyin da bakina, har na ƙware. Amma akwai inda ba na iyawa. Littafin cike yake da "fari ya kare", "baki ya kare". Wani wurin Baba yana nufin ya kare gidansa ne, wani wurin yana nufin ya ƙare, an cinye shi. Ni ban iya dara ba, bugawa kawai na yi. Sai in yi canki. In na canka daidai shiru, in na kuskure sai hannunsa ya tsaya a sama, ya ce in sake karantawa, in sake, in canza. Rannan na karanta masa daga gida na ashirin da uku zuwa na ashirin da takwas, yadda aka buga. Ya lalubi gidan, babu ɗa a wurin. Can ya ɗauki ɗan da ke gida na talatin da biyu ya tura, ya ce in ci gaba.

Kwanan nan ma ya daina ba baƙi littafin, da kuwa kowa ya shigo sai ya miƙa masa. Kuma babi ɗaya yake ta sa ni maimaitawa, babin tarkuna. Ina jin tsufa ne da gajiya.

Ga abin da ya hana ni sukuni. 'Yan majalisar dararsu sun shirya taro ƙarshen watan nan a zauren laburare don karrama littafin. Wanda zai karanta wa jama'a wasu shafuka shi ne Kawu Direba, tsohon direban bas, abokin karawar Baba tun suna samari. Mutumin nan in ya ci Baba wasa ɗaya sai unguwa ta ji. Ba ya raga wa kowa, kuma ba zai mayar da ƙugiya ko ɗaya ba, yadda ya gani haka zai rera, da muryarsa mai kama da hon. Ina hango Baba zaune a gaban mutane da sabuwar rigarsa, zaure ya ɗauki dariya, shi kaɗai bai san dalili ba.

In na gaya masa, na kashe masa abin da ya fi so a ɗan abin da ya rage masa. In na yi shiru, Kawu Direba zai gaya masa a bainar jama'a. Na yi tunanin roƙon Kawu ya rufa mana asiri, amma roƙonsa ma labari ne da zai bayar. Na yi tunanin in ce littattafan ruwa ya jiƙa su. Ban san me zan yi ba, Malam.

Autar Mai Dara

*

Auta,

Kin ce kada in yi dariya. Na yi ƙoƙari har zuwa yaya uku, daga nan na kasa. Ki yafe mini. Amma na san zafin abin, don duk wanda ya taɓa buga rubutu ya san kuskure ba ya fitowa sai tawada ta bushe. Mutum goma su duba shafi ba su gan shi ba, littafi na fitowa shi zai fara gaishe ka.

Bari in fara da Yayanki, tunda an ci shi sau uku. Ba mugunta ce ta sa ya ce a yi shiru ba, tsoro ne, rabi don lafiyar Baba, rabi don kansa. Kuma yana da gaskiya ta wani gefen da bai sani ba: mutanenmu sun daɗe suna karanta rubutu marar ƙugiya a waya, idonsu yana mayar da ita da kansa kamar yadda bakinki ke yi. Babu mai hankalin da zai karanta sadaukarwar nan ya zaci Baba yana ƙorafi da mahaifiyarku. Ki share hawayen wannan. Irin kuskuren nan dariya kawai yake jawowa.

Amma akwai iri na biyu, wanda ba ya ba da dariya. Mai koyon da ya karanta cewa fari ya kare alhali ya ƙare, ko aka tura shi gidan da babu ɗa, zai ɗauka shi ne daƙiƙi ko marubucin bai iya dara ba. Wannan shi ne sunan Baba da kike tsoron ya zube, kuma shiru ba ya gyara shi.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki a hankali, don amsar tana ciki. Mutumin da ya yi aikinsa yana gano adireshin da aka rubuta a karkace, ya lalubi gida ya ji wayam, ya musanya lambobin biyu a kansa, ya tura ɗan da ya dace, ya ce ki ci gaba. Mutumin da ke raba littafi kamar alewa ya daina. Yana sa ki maimaita babin da ya fi lambobi. Wannan ba tsufa ba ne, Auta, bincike ne. Baba ya sani. Mai yiwuwa bai san yawan ɓarnar ba, amma ya san akwai ta. Kuma ina zargin abin da ya rufe masa baki ya fi naki nauyi: ke kika buga littafin, yana iya zaton kuskuren naki ne, yana rufa miki asiri. Kina kare shi, yana kare ki, kun zauna allo ɗaya kowa yana jiran ɗan'uwansa ya motsa. Shi ɗan dara ne, zai iya jira har a tashi duniya. Ke za ki motsa.

Ki gaya masa ku biyu, a kan allon nan, ba a taron dangi ba. Ki sanar da Yaya tukuna don girmansa, sanarwa ba neman izini ba. Ki fara da cewa abin a maɗaba'a ya faru, ki faɗi yadda ya faru, sannan ki karanta masa shafi ɗaya yadda aka buga shi, ba gyara. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. Hakkinsa ne, littafinsa ne. Ban yi miki alkawarin zai yi dariya ba. Amma fushin da aka yi a falo ya fi kunyar da aka sha a zaure sauƙi ga mai hawan jini.

Daga nan karatun yamma ya zama aiki. Ki riƙe jan biro. Duk inda hannunsa ya tsaya, ki tsaya, ya faɗa ki rubuta. Ku fara da lambobi da kare da ƙare, sauran ƙugiyoyin ke ma kin iya. Kafin taro ku fitar da takarda ɗaya ta gyare-gyaren da suka shafi wasa, a saka a kowane kwafi. Mai maɗaba'a ya buga ta, wannan karon ki zauna kusa da kwamfutarsa, kada ki aiki mai duba hoto. Maganar ya sake buga littafin duka ku yi ta, amma kada ki ɗora ranki a kai, shi ma yana da samfurin da aka amince masa.

Kawu Direba kuwa kada ki roƙe shi ya yi shiru, motarsa ba ta da wannan giyar. Baba ya kira shi da kansa ya ba shi aikin farautar kurakurai. Babu mai duba rubutu da ya kai abokin hamayya, don shi kaɗai ne ke karanta kowane layi da fatan ya kama ka. Zai yi tsiya, amma a falonku zai yi ta, kuma wanda aka sa sunansa cikin masu gyara ba ya tsayawa a zaure ya tona aikin da hannunsa ke ciki. In ma ya rera yaya uku ranar taron, Baba zai riga kowa sanin inda dariyar take.

Ba zan ruɗe ki ba, littafin da ke cikin kwalayen nan ba zai taɓa zama wanda kuka rubuta ba, kuma ko bugu na biyu sai kin tsinci kuskure a ciki. Amma ke da bakinki kika ce kwafi mai kyau ɗaya ne ya rage, yana cikin kan dattijo marar lafiya. Kowace yammar da kika ɓata kina canki, yamma ce da ba ki kwafo shi ba. Ki fara yau.

Allah ya ba shi lafiya, ya buɗe idon, ya ba ki ƙarfin zuciya. Allah ya kare miki Baba. Marar ƙugiya nake nufi, na duba sau biyu.