Filon Da Na Sa Wa Yayana A Ƙarƙashin Gwiwa

Assalamu alaikum mai kula da shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji huɗu na firamare aka cire ni, sai ku yi haƙuri da rubutun. Wanda zai zage ni kuma ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Zagi ba baƙona ba ne, da shi na girma.

Ni mutumin Mubi ne, na haura arba'in da biyar, da mata da 'ya'ya. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, Hamma muke ce masa. Dillalin shanu ne a tike, wato kasuwar shanunmu. Da babanmu ya rasu shi ya cire ni daga makaranta ya ce in zo in riƙe masa igiya, kuma igiyar nan na riƙe har furfura ta fito mini a gemu. Ni ne kora, ni ne lodi a tirela, ni ne shan harbi da tunkuyi, shi kuma nasa tsayawa a inuwa a yi ciniki. Fulanin da ke kawo mana shanu ba su taɓa sanin sunana ba, yaron Alhaji suke ce mini. In na sa baki a ciniki sai ya ce, "Kai a wa? Jaki ya san farashi ne? Je ka ba su ruwa." Har a gaban ɗana ya taɓa faɗa. Ban kawo wannan don in wanke kaina ba, na kawo ne don ku san irin zuciyar da nake yawo da ita.

Shekarar da mutanen daji, masu tada ƙayar baya, suka ƙwace Mubi, muna cikin gudu harsashi ya sami Hamma a ƙwauri. Ni na goya shi. Ta Sahuda muka bi muka faɗa Kamaru, muka zagayo, kafin mu isa asibiti a Yola ƙafar ta riga ta ruɓe, warinta ma ba a iya zama kusa. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Likita ya ce mu gode wa Allah da gwiwar ta tsira, don mai gwiwa in aka sa masa ƙafar roba yana tafiya har ka rantse ƙafarsa ce.

Akwai wata ma'aikaciyar gashin ƙashi a asibitin, 'yar Michika, Sista kowa ke ce mata. Ranar da za a sallame mu Hamma yana cikin zazzaɓi, bai san inda kansa yake ba, sai ta ja ni baranda. Ta ce, "Baba, ka buɗe kunne. Wannan gwiwa shi ne dukiyan yayanka. Kullum ya kwanta rub da ciki, ka miƙar masa da gwiwan, ka naɗe dungun da bandeji yadda na nuna maka. Zai roƙe ka filo a ƙarƙashin gwiwa don zai ji daɗi. Kar ka ba shi. In ka ba shi jijiyan zai tsuke, gwiwan ya lanƙwashe, ƙafan roba ba zai zauna ba." Sai da ta sa na maimaita mata kamar ɗan makarantar allo kafin ta bar ni.

Ranar farko wallahi tausayi ne. Muna raɓe a ɗakin wani ɗan'uwanmu a Yola, ƙato kamar Hamma yana hawaye yana cewa, "Ka taimake ni, ka tokare mini da wani abu." Wa zai ga haka ya hana? Na sa masa filo, ya yi ajiyar zuciya ya sami barci. Na ce a raina gobe zan gaya masa maganar Sista. Gobe ta zo ban faɗa ba. Aka ƙwato Mubi muka dawo, aka buɗe tike, ni na je na tsaya a inuwar da yake tsayawa. Ashe na iya. Ashe duk shekarun nan ina kallo ina koyo, bakin magana kawai aka hana ni. Wata ranar kasuwa wani dattijon Bafulatani da ya daɗe yana kawo wa Hamma shanu ya kama hannuna bayan mun gama, ya ce, "Wai ma ya sunanka?" Na faɗa masa, ya maimaita. Ku da aka kira ku da sunanku tun kuna yara ba za ku gane ba.

A ranar, da na dawo gida na shiga duba Hamma, na ɗaga filon zan gyara masa shimfiɗa, sai na ga gwiwar ba ta sauka ta taɓa tabarma ba. Ta fara tsayawa a lanƙwashe, daidai yadda Sista ta ce. Na gani da idona, na gane. Kun san abin da na yi? Washegari na sayi audugar rimi na kai wa tela ya ɗinka mini sabon filo, wanda ya fi na da tudu. Na kawo masa, ya yi ta sa mini albarka. Daga ranar ba tausayi ba ne, ba kuma mantuwa ba ce. Ina sane.

Kwanakin baya aka yi sanarwa masu haɗa ƙafar roba sun zo asibiti a nan Mubi. Adda, matar Hamma, ta matsa sai mun je. Na sa shi a keke napep muka tafi. Ba a ɗaukar awon kowa sai an fara duba shi, kuma mai dubawar ashe Sistar nan ce. Ta kwance bandeji, ta dudduba fatar dungun, ta danna nan ta danna can tana tambaya ko da zafi. Ta tambaye shi sana'arsa, da yadda hanyar gidansa take, yashi ne ko duwatsu, da yadda yake sallah. Ta ce ya ture hannunta da dungun, ya ture da ƙarfi har ta yi dariya ta ce, "Alhaji, da sauranka." Hamma ya washe baki, rabon da in ga haƙoransa har na manta. Sai ta ce ya miƙe gwiwa. Ya yi iya yinsa har gumi ya keto masa, gwiwar ta ƙi miƙewa. Ta ɗauko wani abin awo na roba mai kama da almakashi ta ɗora a gefen gwiwar, ta kama ta ja a hankali, sannan ta ajiye. Ta ce ba za ta tura shi ɗakin awo ba, in aka sa masa ƙafa a haka faɗuwa zai yi ta yi, dungun ya yi gyambo.

Ta ce, "Alhaji, ba a ce kar a sa filo ba?"

Ya ce, "Filo kuma? Ba wanda ya gaya mini."

Ta juyo kaina. "Baba, ba kai na tsayar a baranda a Yola ba?"

Jama'a, a nan na yi abin da ya fi filon muni. Na ce, "Na gaya masa, Sista, ya fi a ƙirga. Taurin kai gare shi, ba ya jin maganar na ƙasa da shi." Kuma kowa ya yarda, don an san halinsa. Adda ma ta ce, "Zai aikata, haka yake." Sista ta ce masa, "To Alhaji, kai ka ɓata ƙafanka da hannunka." Ga ɗaki cike da mutane, har da waɗanda suka san shi a tike. Na ɗauka zai taso mini da zagi yadda ya saba, na ma fi son ya yi. Sai ya dube ni kawai ya ce, "Ka gaya mini?" Na ce na gaya maka. Sai ya ce, "To ƙila zazzaɓin nan ya taɓa mini kai."

Tun ranar Hamma ya yarda cewa kansa ya taɓu. Mutumin da ke riƙe kamannin garke guda a ka, yanzu sai ya idar da la'asar ya tambayi Adda ko ya yi. Adda kuma kullum gori take masa, wai ya zaunar da su da taurin kansa. Ranar da za mu baro wajen Sista ta tare ni a bakin asibiti ta ce da sauran dama, in kawo shi ta riƙa miƙar da gwiwar tana ɗaure ta da simintin ɗorin karaya kaɗan-kaɗan, masu haɗa ƙafa za su dawo bayan Babbar Sallah. Ta ce in aka ƙara ɓata lokaci jijiyar za ta ƙage, sai dai wuƙa, wuƙar ma ba tabbas. Na yi masa maganar, Adda ta yi, limamin unguwa ya yi. Amsarsa ɗaya ce: "Wanda ya kasa riƙe magana guda, me zai yi da ƙafa? In je tike in sayar da san mutum in manta? Ku bar ni a nan, ƙanena ya ishe mu."

Ƙanena. Sai da na gurgunta shi na zama ƙanensa.

Na san Hamma. Abu ɗaya ne zai tayar da shi daga tabarmar nan, ya ji cewa kansa ƙalau ne, cutarsa aka yi. Ko don fushi ma sai ya miƙar da gwiwar. Amma ranar da na faɗa, na rasa ɗan'uwa, na rasa inuwar tike, kuma duk Mubi sai ta ji cewa wanda ya goyo shi ta Sahuda shi ya hana shi tafiya. Da wane ido zan dubi 'ya'yana? Ba zan yi muku ƙarya ba kuma, har yau akwai wani lungu a zuciyata da ba ya son jin takun Hamma a tike. Wannan shi ya fi ba ni tsoro.

Shekaranjiya na shiga gaishe shi, ya zaro filon daga ƙarƙashin gwiwarsa ya miƙo mini. Ya ce, "Na san Sista ta hana, amma aikin gama ya gama, in babu shi ba na barci. Ya lotse. Ka ƙara masa auduga, hannunka ne kawai ya san yadda nake so." Na karɓa na fito. Ga shi nan a gabana yanzu da nake wannan rubutu, har ya ɗauki shatin gwiwarsa. Jiya da yau sau biyu yana aikowa a tambaye ni ko an gama. An fara kawo raguna kasuwa, Sallah ta matso.

In mayar masa da filonsa, ko in je masa hannu wofi in buɗe baki? Don Allah ku gaya mini, me zan yi?