Ku Mayar Da Tantin Kafin Juma'a

Ansan, Koriya

Yaya Ganzorig,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙafar Mama? Tarin 'yata Nomin ya yi sauƙi? Ni lafiya lau, ruwan wanki ne kawai ke ɗan tsattsaga mini hannu. Kada Mama ta ji.

Jiya na kira asusun nan na birnin Ulanbator da ke sauya wa mutane murhun kwal da na lantarki. Yarinyar da ta ɗauka ta ce an cire sunanmu. Wai yanzu kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira ce ke duba hotunan sama, ta zaɓi gidajen da za a zuba wa kuɗin rage hayaƙi. Kwamfutar ta ga filinmu wayam, tunda kun ɗauke tantin da muke zaune a ciki zuwa gidanka bayan rasuwar mijina Tumur, yadda lama, malamin addininmu, ya ce.

Na ce, "Ƙanwata, hayaƙin murhun nan ne fa ya kashe mijina." Sai ta ce, "Yaya, ranar Juma'a za a sake ɗaukar hoto. Daga nan sai baɗi."

Na san Mama za ta ce ba a sake kafa tanti inda mutum ya mutu. Amma murhun kwal ɗin da kuka tafi da shi, kusa da shi Nomin take kwana.

Ina roƙonka, ka mayar da tantin filinmu kafin Juma'a, don ya fito a hoton. In da laifi, ka ce wa lama ni na sa ka. Tumur ba zai yi fushi ba. Shi ya cike takardar neman sabon murhun da hannunsa.

Ƙanwarka,
Delgermaa