Na Gyara Birkin Hannun Motarka, Mamman

Zuwa ga taubashina Mamman Shofer,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. To ko kana raye ma yaushe ka taɓa karanta ajamina? Cewa kake kaji ne suka bi ta kan tawada.

Dakoro tana nan yadda ka bar ta. Damina ta yi dama-dama, gero ya yi, wake ne ya ƙi. An kawo sabon kumandan, gardi, dogaran nan nasa, na ta kwasar mutane aikin hanya. Matarka Rabi ta fita takaba, ta rame ƙwarai. Ɗanka Isa ya je Maraɗi ya samo parmi, takardar izinin tuƙi, har da ɗan gemunsa, yana tafiya yana buɗa kafaɗa kamar kai. A kansa nake rubuto maka, don abin ya hana ni sakat.

Alhaji mai motar ya sa an jawo kamiyon nan, babbar motar da kake tuƙa masa, daga tudun hanyar Korahane, inda ta gangaro ta danne ka kana ƙarƙashinta. Kai ma dai, Mamman! Mutum ya san birkin hannunsa ya mutu, ya dogara da guntun icen da ake tokare ƙafar mota, a cikin rairayi? Da ka tashi ranar nan da na zage ka tas. An kawo ta bakin maƙerata aka ajiye, Alhaji ya ce in gyara birkin, Isa ne zai riƙa kai ta kasuwar Tagris.

Rabi ta zo ta same ni, ta durƙusa gaban zugazugi. Ni da muke wasa da ita tun tana amarya, ranar ko ido ban iya haɗawa da ita ba. Ta roƙe ni don Allah in ce motar ba ta gyaruwa, ta ci mata miji, kada in taimaka ta ci mata ɗa. Na san Alhaji, kai ma ka san shi. In na ƙi, ba ajiye ta zai yi ba, ɗaure ta zai sa a yi da waya kamar yadda ka saba, ya miƙa wa yaron makulli. Isa kuwa ko ɗaure shi aka yi a turke sai ya tsinke. To mi zan yi? Da kai ne mi za ka yi?

Na shiga ƙarƙashinta, Mamman. Na ga ɗaure-ɗaurenka da idona, waya kan waya, har da igiyar kaba. Sandar ƙarfen da ke jan birkin ta lanƙwashe. Ƙusar da ke riƙe ta ta cinye, saura kamar tsinke, ramin da take ciki ya buɗe ya yi faɗi. Haƙoran da ke kama mariƙin birkin kuwa sun siɗe sumul kamar dasashin tsohuwa, ko ka ja sai ya koma. Da wannan kake yawo shekara da shekaru, kana shigowa gari kana yi mini ba'a wai mu maƙera fartanya kaɗai muka iya?

Na hura wuta na miƙe sandar a kan uwar maƙera. Na yanki ƙarfen tsohuwar mota na ƙera sabuwar ƙusa, na toshe ramin na sake huda shi daidai da ita. Haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya na fitar da su da magagari, har yatsuna suka yi kanta. Ban taɓa yi wa wani aiki haka ba, ko takobin sarki ne. Ina yi ina jin kamar amanar Rabi nake gogewa.

Akwai maganar da ban taɓa gaya maka ba, wasan taubasantaka ya hana. Kullum tsiya nake maka, kai ma haka. Amma duk ranar da ka fita da motar nan, kunnena na kan hanya har ka dawo. Ba ni da wani kamarka, Mamman. Ka tafi ka bar ni ba wanda zai zage ni in ji daɗi.

Da na gama na kira Isa ya gwada. Muka kai ta ɗan gangaren da ke ƙofar gidanku, ya taka birki, ya kama mariƙin ya ja. Sai ta yi ƙarrrr! Motar ta tsaya cak, ba ice, ba dutse. Ni na ma manta da wannan ƙara. Ashe haka take yi lokacin da haƙoran na nan, kana sabon ango, kana ja da ƙarfi da gangan don amarya ta san ka iso.

Ita ba ta manta ba. Sai ga Rabi ta fito zaure da sauri, hannunta duk ƙullu, ko lulluɓi babu, fuskarta a washe. Ta dubi inda kake zama, ta ga Isa. Na ga lokacin da fara'ar ta sauka daga fuskarta. Ta juyo ta dube ni, ta koma ciki.

Tun ranar ba ta amsa gaisuwata. Isa ya tafi Tagris da lodin gero, har yanzu bai dawo ba. Birkin zai riƙe, wannan na rantse maka. Sauran ban sani ba, Mamman, kuma tsoro nake ji.

Ka huta lafiya. Allah Ya jiƙanka, Ya dawo mana da yaron.

Ni ne taubashinka, maƙerin da ka raina,
Ɗan Tani