Ni na sa hannu a murafun jabu, Mama Ladi aka kora

Assalamu alaikum Anti mai shafi, sannu da ƙoƙari, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana da lambata. Kuma kafin ku fara zagina, na riga na zagi kaina fiye da yadda za ku iya, ku bar min wannan. Shawara nake nema, kuma ba ni da lokaci, zuwa Litinin ne.

Tun da na gama sakandare nake aiki wurin wata Hajiya a nan Abuja. Ma'aikaciyar gwamnati ce da, ta ajiye aiki ta kama yin man shafawa na jarirai, man kaɗanya da ɗan man kwakwa, ba turare, ba komai. Ba ta da shago, a bayan gidanta ake haɗawa, a intanet ake sayarwa. Mu biyu ne ma'aikata a lokacin. Ni ce mai zubawa a kwalba, da liƙa takarda, da amsa waya. Mai haɗa man kuwa wata mata ce da zan kira Mama Ladi, 'yar Filato, Kirista, kullum daga Orozo take shigowa. Matar nan ko cokali ya taɓa ƙasa sai ta sake tafasa shi. Har haushi take ba ni, in ce Mama ai ba tiyata muke yi ba, ki yi sauri. Sai ta ce, "Yarinya, jikin jariri ne fa, ba takalmi ba."

Da man ya yi suna sai masu jabu suka fara kwaikwayon takardarmu. Hajiya ta fito da dabara. Kowace kwalba sai ta sa hannu a cikin murfin da koren biro, da kanta. Ta yi bidiyo ta ce wa kwastomomi, in kun buɗe ba ku ga hannuna ba, ba nawa ba ne, ku zubar. Iyaye mata suka riƙe wannan maganar gam. Ba sa duba komai sai murfi.

Sai korona ta zo. Sababbin kwalabe suka daina zuwa daga Legas, Hajiya ta roƙi kwastomomi su riƙa dawo da tsofaffin, mu wanke mu tafasa. Mai kai mana kaya a babur, wani magidanci da zan ce wa Isiyaku, shi ke tattaro su. Da Kirsimeti ta matso mutane na tsoron cunkoson kasuwa, kowa a waya yake sayen kyautar da zai yi, oda ta yi mana yawa kamar hauka. A daidai nan Hajiya ta kamu da cutar, ta kulle kanta a ɗakinta na sama. Ta kira ni ta bidiyo, tana tari, ta koya min sa hannunta har sai da na iya. Ta ce, "Ke kaɗai na koya wa, ko mijina Alhaji bai iya ba. Sunana ne na damƙa miki." Na ce ba komai Hajiya, Allah Ya ba ki lafiya.

Kwana uku kacal Isiyaku ya gane, don ya gan ni da biron. Ya ce, "Ƙaramar oga, ashe yanzu ke ce Hajiya." Washegari ya zo da murafu cike da leda, cikin waɗanda yake karɓowa ne ya riƙa ɓoye wasu, tsohon hannun da ke cikinsu mai ya riga ya goge shi. Ya ce akwai wani shafi da suka buɗe da hotunan Hajiya, suna cewa su dillalanta ne, suna rangwamen Kirsimeti, hannu kawai ya rage musu. Na ce me za ku zuba a ciki? Ya ce, "Kaɗanya ce mana, daga Yangoji ake kawo ta, tacewa ce dai ba ta kai taku ba." Ban sake tambaya ba. Me ya sa ban tambaya ba? Don ba na son in ji amsar, shi ke nan. Kuma kar wani ya tausaya min ya ce talauci ne. Ba yunwa nake ji ba, Hajiya ba ta taɓa riƙe min albashi ba ko a cikin kulle. Waya nake so, irin ta ƙawayena, shi kuma ya kawo min ita a kwalinta. Na zauna a kan tabarmar da nake salla na sa hannu a murafun nan ɗaya bayan ɗaya, har yatsana ya yi kanta.

Bayan sabuwar shekara wata mata ta saka hoton 'yarta a intanet, jaririya 'yar wata huɗu. Kumatunta da wuyanta duk sun saɓule, jajur. Ga hoton kwalbarmu, ga murfin a buɗe, ga koren hannu. Kyauta aka ba ta a ofis cikin kwandon Kirsimeti, ba ta ma san inda aka saya ba. Aka kai man gwaji aka ce akwai sinadarin bilicin a ciki. Bilicin, a fuskar jaririya. Har yau in na rufe ido ina ganin wuyan yarinyar nan.

Hajiya ta warke a lokacin, ta tara mu a bayan gida. Ta miƙo min murfin ta ce, "Hannunki ne wannan?" Wallahi da na ce a'a ma da sauƙi. Na ce, "Nawa ne Hajiya. Daga tukunyar Mama na zuba, kamar kullum." Shi ke nan fa. Tunda murfin na gaskiya ne, kwalbar tamu ce, to mai haɗawa ce ta yi algus. Hajiya ta yanke cewa Mama Ladi na satar kaɗanya tana cike gurbin da tarkace. Matar nan, sa'ar mahaifiyata, ta durƙusa a kan siminti tana rantsuwa da Littafi Mai Tsarki. Ta juyo ta ce min, "Yarinya, ke kina ganina kullum, faɗa wa Madam." Na ce ni dai ban san abin da ake yi in na fita ba. A ranar aka kore ta. Don Hajiya ta ceci sunan kayanta, ta saka hoton Mama Ladi da cikakken sunanta a shafinmu, ta rubuta cewa an gano mai laifi an sallame ta. Isiyaku kuwa ya canza layi, ban sake ganinsa ba.

Shekaru ke nan yanzu. Kasuwa ta dawo, mun ƙaru, ni ce manaja. Hajiya 'yata take ce min a gaban baƙi, tana ba da labarin yadda na riƙe mata amana lokacin da take kwance. Ni kuma in yi murmushi. Wace irin mutum ce ke murmushi a wurin nan? Mama Ladi kuwa sau uku tana samun aikin girki ko raino, sau uku wani ya buga sunanta a waya, hoton nan ya fito, a ce ta tafi. Masara take gasawa a bakin titi yanzu. Mijinta ya rasu, 'yarta ta bar makaranta. Duk na sani, ina wucewa ta wurin a mota in sunkuyar da kai.

Ranar Talata ta zo har bakin get ɗinmu, ta aika maigadi ya kira ni. Ta rame, hayaƙi ya cinye mata ido. Ta riƙo min gyaɗa a leda. Ta ce wani gidan rainon yara a Karu zai ɗauke ta aikin kicin, amma shugabar ta ga hoton. Ta ce in Hajiya ta goge, kuma ta faɗa mata da bakinta a waya cewa ba ita ba ce, aikin nata ne. In ba a yi ba zuwa Litinin za a ba wata. Ta kama hannuna ta ce, "Ke Madam yana jin maganarki. Ni ban riƙe ki a zuciya ba, ke yarinya ne lokacin, tsoro ya kama ki." Tana zaton shirun da na yi ne kawai laifina.

Na sami Hajiya na ce a taimaka a goge, abin ya daɗe. Ta ce, "Wurin jarirai za ta koma fa. In na wanke ta, ta sake ƙona ɗan wani, me zan ce wa Allah? Ki kawo min wanda ya yi in ba ita ba ce, yau zan goge, in nemi gafararta a bidiyo. Shi kuma 'yan sanda zan miƙa wa, don uwar yarinyar nan har gobe tana jira, tabon bai tafi ba." Na juya zan fita. Ta ce lafiya? Na ce kaina ke ciwo.

Na juya abin ta ko'ina. Ina iya shiga shafin in goge da kaina, amma shugabar muryar Hajiya take son ji. In ce Isiyaku ne shi kaɗai? Tambayar farko ita ce wa ya sa masa hannu. In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, ƙila in kwana a sel, hotona ne zai maye gurbin nata, babana kuma ladan ne a unguwarmu, da wane ido zai fita? In na yi shiru ba abin da zai same ni, ko ɗaya, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro, don na san kaina, na taɓa yin shirun. Istigfari nake yi amma na san ba a yafe hakkin mutum da carbi. Kuma ko na faɗa, wa zai mayar mata da shekarun nan? Wa zai mayar wa yarinyar can fuskarta?

Ɗazu da safe Mama Ladi ta kira ni. Ta ce, "Yarinya, Madam ya ce me?" Na ce tana tunani. Ta ce to Allah Ya taɓa zuciyarta, kuma ta ba da sunana a coci a sa ni a addu'a saboda wahalar da nake yi mata. Ta ce har ta wanke farar rigar da za ta sa ranar Litinin.

Yau Juma'a. Don girman Allah kar ku ce min in yi addu'a kawai, ina yi. Ku faɗa min, me zan yi?